Ki Tafi Da Ƙafarki Cikin Siminti

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allahn da ya tsare ki tun kina cikina ya tsare ki a hanyar Zariya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba.

Kada ki yi mamakin takarda daga uwar da kuke kwana gida ɗaya. Tun ranar da keke ya kayar da ke a gangaren kasuwa aka sa miki siminti a ƙafa, gidan nan ya cika da masu ba da shawara, ba a barina in kai ƙarshen magana. Takarda kuwa ba mai katse ta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da girmana na koye shi a ajin yamma na majami'a.

Kina zaune a wurin ranar Lahadi da Baba Bulus, wan babanki, ya ce, "Yarinya da karyayyar ƙafa ina za ta? Ta zauna a gida a yi jinyarta. Kwaleji ai ba guduwa za ta yi ba." Kin kuma ji na ce masa, "Baba, girmanka yana nan, amma za ta tafi." Na ga kin sunkuyar da kai, na ga matan zumuntar majami'a suna kallon juna. Su yi ta kallo. Likita da bakinsa ya ce ƙashin ya zauna daidai, kina iya tafiya da sandunan da suka ba ki, kuma asibitin can za su cire simintin in lokaci ya yi. Kwalejin malamai ta ba ki gurbi bana, ba ta yi alkawarin baɗi ba. Amma ba wannan kaɗai ya sa na kafe ba. Na san irin jinyar da ake nufi a gidan nan. Ni aka fara yi wa ita, kuma saura kaɗan ta gama da ni.

Kin taso kin ga ina ɗingishi, kin san mota ce sanadi. Sauran labarin ba ki sani ba, don lokacin kina Nok wajen kakarki, ni na hana a kawo ki ki gan ni. Shekarar da aka gama yaƙi ce, da rani. Na ɗauko busasshiyar cittata zan kai kasuwar Kafanchan a babbar motar katako. A gangaren wata gada motar ta ƙwace wa direba ta kife, buhuna suka danne ni, ƙashin cinyata na hagu ya karye. Ni ba siminti aka yi mini ba. Ƙarfe aka soke mini a ƙasan gwiwa, aka ɗaura igiya, aka rataya nauyi a ƙarshen gado don ya riƙa jan ƙafar har ƙashin ya haɗe a miƙe. Haka na kwanta rigingine tun kafin a fara sharar gona har aka yi noman fari.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata da muke cikin motar tare, Yaya Asabe, Musulma ce mai sayar da goro da gishiri a kasuwa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, har da jikoki. Karayarmu iri ɗaya, ƙarfenmu iri ɗaya.

Ba mu daɗe da kwanciya ba sista mai kula da ɗakin ta tsaya tsakanin gadajenmu ta ce, "Mama, ku saurara. Ƙashi muka ɗaure, ba nama ba. Naman da ba ya aiki narkewa yake yi, kuma da sauri yake fara narkewa. Ku riƙa matse cinya kamar za ku danna bayan gwiwa cikin katifa, ku riƙe, ku saki. Ku riƙa juya idon sawu da yatsu. Lafiyayyar ƙafar ma ku riƙa ɗaga ta. Safe da rana da yamma."

Na ce mata to. Da ta juya baya na yi tsaki. Ni da nake ɗaukar buhun citta a ka daga bakin rafi har gida ba hutawa, ni za a ce in kwanta ina wasa da yatsu kamar jaririya? A ganina ƙarfin da na tara tun ina budurwa yana nan ajiye a jikina, ranar da aka kwance ni zan tashi in same shi. Ban da haka, ina tsoro. Na gwada sau ɗaya na ji zafi, sai na ce a raina ƙashin zai goce. Na kwanta shiru kamar gungume, ina ganin ni ce mai hankali.

Yaya Asabe kuwa, daga kwance take sallarta, kuma duk ta idar sai ta shiga matse cinya tana cije leɓe, gumi na keto mata. Ta kan juyo ta ce, "Maman Rifkatu, ke ba za ki yi ba?"

In ce, "Yaya, ni jikina na aiki ne, ba ya buƙata."

Ta ce, "To. Ni nawa na tsufa ne, in na sake shi ba zai dawo ba."

'Yata, ƙarfi ba hatsi ba ne da za ki zuba a rumbu ki rufe. Ana riƙe shi ne kullum, ranar da aka daina riƙo ya fara zubewa. Duk motsin da aka nuna miki a asibiti ranar da aka sa simintin nan, ki yi shi ko kina cikin jirgi, ko kina aji, ko 'yan ɗakinku suna miki dariya. Yatsun nan da suka leƙo waje, kada su wuni ba su motsa ba. Cinyar nan da ke sama da siminti, ki matse ta har ki gaji. In wani motsi ya ba ki tsoro, ki tambayi likita, kada ki yanke wa kanki hukunci kamar yadda na yi.

Akwai wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa dalilinsa ba sai babanki. Na daina cin abinci. Mutane suka ɗauka baƙin ciki ne. Ba shi ba ne, kunya ce. Wanda aka ɗaure a gado ba ya zuwa bayan gida, fo ake turo masa a gaban mutane, labule ɗan ƙarami. Na ga in ban ci ba, ba zan nemi fo ba. Babanki yakan taso daga aikin layin dogo da gwaten acca da wake, wani lokaci har da kifi, in tsakura in ture in ce na ƙoshi. Kunu kawai nake kurɓa. Ana cikin haka wurin ƙarfen ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni kwana da kwanaki. Da na farfaɗo sista ta riƙe damtsena ta ce, "Mama, ƙafa ba ta motsi, ciki ba abinci, ga zazzaɓi. Jiki in bai samu a kwano ba, naman kansa yake ci." Na ji ta, amma kunya ta fi ƙarfina.

Yaya Asabe ba ruwanta. Ta ci tuwonta, ta ci ƙwai, ta ci ƙuli-ƙuli, har abin da na ture takan ce a miƙo mata. In tana son fo ta ɗaga murya ta kira, ko masu dubiya sun cika ɗaki. Ta taɓa ce mini, "Wanda ya halicci baki shi ya halicci ɗaya ƙofar. Kunyar me?" Na yi dariya har cinyata ta amsa, amma ban gyara ba.

Na san halinki, nawa kika ɗauko. Za ki ga bayan gidan kwaleji da nisa, sanduna da wahala, 'yan mata na kallo, sai ki fara rage ci da sha. Na hana ki. Ki ci wake ko ya ishe ki. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifin da na ƙulle miki ba na rabo ba ne, na ƙafar nan ne. Masu cewa budurwa ba ta cin ƙwai su riƙe maganarsu, ke ki ci. In kuma kika ji zazzaɓi, ko yatsun suka kumbura, ko suka sake launi, ko wari ya fito daga cikin simintin, kada ki jira gari ya waye sau biyu. Ki sa a kai ki asibiti.

Ranar da aka cire mana ƙarfe babanki yana tsaye. Na yaye zane na duba. Rifkatu, ban gane ƙafata ba. Cinyar da nake taƙama da ita na kama ta da hannu biyu, yatsuna suka haɗu. Fata ta saki tana reto kamar jakar da aka zazzage. Gwiwa ta fito ƙato a tsakiya kamar ƙullin gora. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daman, wadda ba abin da ya same ta, ita ma ta tsotse. Aka ɗaga ni tsaye, duniya ta juya, ƙafafun biyu suka naɗe. Babanki ya tare ni.

Kada ki ɗauka Yaya Asabe ba ta rame ba. Ta rame, ba mai kwanciya irin wannan ya tashi yadda yake. Sista ma ta gaya mata cewa na tsoho ya fi saurin zubewa, ya fi wuyar dawowa. Duk da haka, tsohuwar nan ta tsaya da sanduna a ranar, ta riga ni fita daga asibiti. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Da a nan kuskurena ya tsaya, da yau ba na ɗingishi. Babbar ɓarnar a gida aka yi ta, kuma da ƙauna aka yi.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Aka sa mini matashi a ƙarƙashin gwiwa don in ji daɗi, ƙafar ta zauna a lanƙwashe. In na miƙa hannu zan ɗauki moɗa, wata ta riga ni. In na yunƙura, a ce, "Zauna, zauna, me kike so a kawo miki?" Matan zumunta su zo su yi waƙa su yi addu'a, su ce sannu, su tafi. An ce in koma asibiti a koya mini tafiya, mutanen gida suka ce hanya za ta jijjiga ƙashin, a bari in ƙara ƙarfi. Ina zan samo ƙarfin ina zaune? Ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba. Gaskiya ita ce zaman ya yi mini daɗi. Tunda aka kawo ni gidan nan ba a taɓa ce mini sannu da yawa haka ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, aka haƙe citta ban taɓa ko saiwa ɗaya ba. Gwiwar ta ƙage a yadda matashi ya bar ta, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwashewa sosai.

Wata rana da hantsi ina kan tabarmata na ji Baba Bulus yana magana da babanki a bayan rumbu. Ya ce, "Yakubu, gonar bakin rafi yarana suka noma bana, bari su ci gaba da ita. Matarka ta gama noma. Ba laifinta ba ne, haka Allah ya so." Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Babanki ya yi shiru. Gonar nan ni na sare ta daga daji, da ke goye a bayana. Na so in tashi in amsa, na kasa tashi. Sai na ja zane na rufe fuska.

A makon nan ne Yaya Asabe ta zo. Daga bakin titi ta tako da ƙafarta har gidanmu, da ƙullin goro a ka, ba sanda. Ta tsaya a kaina ta dube ni, ta dubi matan da ke zaune kewaye da ni, ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya."

Ta ce, "To zaman makokin wa ake yi?"

Ta sunkuya ta zare matashin daga ƙarƙashin gwiwata ta jefar gefe. Ta ce, "Ƙanwata, waɗannan suna sonki, amma ba su za su yi rarrafe ba in kin tsufa. Jibi ranar kasuwa ce. Ina jiranki a ƙofar asibiti. In ba ki zo ba zan dawo in zauna a nan in yi ta yi miki gori har ki gaji."

Matar Baba Bulus ta ce, "Baiwar Allah, ai ba ta da lafiya."

Yaya Asabe ta ce, "Ƙashinta ya warke tun da damina. Tambaye ta."

Na je. A keke babanki ya tura ni har titi. Likita ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, amma gwiwar na bar ta ta daɗe, ba lallai ta dawo duka ba. Suka nuna mini abin da zan riƙa yi. Babanki ya kafa gora biyu daga gindin mangwaro zuwa bangon ɗaki, nake dafawa ina jan ƙafa. Na ɗinka 'yar jaka na cika da yashi, na ɗaura a idon sawu ina ɗagawa. Kowace safiya kafin ya tafi aiki yakan durƙusa ya danna gwiwar a hankali, ina kuka ina zaginsa da yarenmu, shi kuwa yana cewa, "Saura kaɗan, Hannatu." Mutumin nan da ya yi shiru a bayan rumbu, da hannunsa ya ba da amsa. Ki san wannan game da babanki. Na kuma koma cin abinci kamar mai huce haushi.

A nan ma sai da na yi wauta. Da na fara takawa ba gora, na so in nuna wa matan gidan. Na ɗauki tulu cike da ruwa daga rijiya. Ban kai tsakar gida ba cinyar ta saki, na faɗi, tulu ya fashe, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Na koma tabarma na makonni, masu cewa "ai mun faɗa" suka samu abin faɗa. Don haka ki ji ni da kyau: taurin kan da nake so ki yi ba na nuna wa mutane ba ne. Kada ki taka ƙafar nan kafin likita ya ce ki taka, kada ki yar da sanda don wata ta kalle ki. Nama a rana ɗaya yake fara zubewa, amma da cokali yake dawowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Da ruwan shuka ya sauka na ɗauki sanda da 'yar kujera da kwandon iri na nufi bakin rafi. Na huta a hanya ban san sau nawa ba. Na tarar da Baba Bulus da 'ya'yansa sun fara kaftu. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, na gode da riƙon da kuka yi mini. Mai gona ta dawo."

Ya dubi ƙafata ya ce, "Hannatu, za ki iya?"

Na ce, "Abin da na iya bana, shi zan ci."

Sai ya ce wa yaran su ɗauki garemaninsu. A zaune na shuka cittar nan, ƙafa a miƙe, ina jan kujera daga kunya zuwa kunya. Ko rabin gonar ban rufe ba a shekarar. Shekarar da ta biyo na rufe ta duka, a tsaye.

Ban fita ba tabo ba. Cinyar hagu har yau ba ta kai ta dama ba. Gwiwar ba ta yarda in durƙusa, shi ya sa kike ganina a zaune lokacin addu'a kowa yana durƙushe. Mota ta karya ƙashi, ƙashi ya haɗe. Abin da ya rage a jikina na tabarma ne. To yanzu ki gaya mini, in bar ki a gidan nan, a gindin mangwaron nan, a hannun mutanen nan masu ƙauna? Ko duk garin nan zai taru a ƙofata ba zan yarda ba.

Ke taki da sauƙi. Ƙasan gwiwa ce, ƙuruciya na gefenki, kuma ba a ɗaure kike a gado ba. Duk da haka ranar da za a fasa simintin za ki ga ƙaurinki ya zama siriri, fata tana saɓa, idon sawu ya ƙage. Kada ki firgita, kada ki ɓoye shi cikin dogon zane ki zauna. Ba mutuwa ƙafar ta yi ba, yunwar aiki take ji. Ki koma asibiti duk ranar da suka ce ki koma, ko ana jarrabawa ki nemi izini. A kwaleji za ki samu masu tausayi, su ce kawo in ɗauko miki, zauna in je miki. Abin da ba ki iyawa ki karɓa ki yi godiya, ba girman kai na aike ki yi ba. Abin da kike iyawa kuwa ki ce, "Na gode, bari in yi da kaina." In kika samu wadda za ta faɗa miki gaskiya mai ɗaci, ki riƙe ta, kada ki tambayi inda take yin sujada.

Gobe a tasha ba za ki ga hawayena ba. Baba Bulus zai zo rakiya, matan zumunta za su zo, duk idonsu a kaina, suna jira in karaya su ce a sauke akwatinki. Ba zan ba su wannan ba. Zan tsaya ƙyam in ɗaga miki hannu har jirgi ya sha kwana. Kada ki ce uwata ba ta ji komai ba. In na dawo gida zan shiga ɗaki in ja ƙofa, abin da zai faru a ciki tsakanina da Allah ne.

Ubangiji ya riƙe ƙafarki kada ta zame. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga zazzaɓi da mugun abokin tafiya, ya buɗe miki kai a karatu. Ya haɗa ƙashin nan, ya mayar da naman da zai zube. Alherin Yesu Almasihu ya kasance tare da ke a Zariya, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ce uwarki,
Hannatu